Ciyar da mabuƙata a Sudan: rabon aiki tsakanin babban coci da ƙarami

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, harabar coci ta zama masauki da wurin girki a garuruwa da dama. Da birnin Madani ya faɗa hannun RSF a watan Disamba na 2023, waɗanda suka gudo daga Hartum suka sake ɗaure kaya zuwa Sinnar, Gadarif, Kasala da Bur Sudan. A cikinsu akwai Kiristoci 'yan Duwatsun Nuba, da 'yan asalin Kudu da suka zauna bayan rabuwar 2011, da Kibɗawa masu asali daga Masar, da Habashawa. Hausawan Sudan, daga Maiwurno zuwa Damazin da Gadarif, galibinsu Musulmi ne. Masu jin Hausa a cikin ikkilisiya kaɗan ne, kuma da Larabci ake yawancin sujada. Amma hatsin da coci ke saya yakan fito daga hannun manomi ko dillali Bahaushe, kuma idan aka ɗora tukunya a unguwa kowa ne ke zuwa da kwanonsa. Don haka wannan bayani ya shafi dattijon ikkilisiya da shugabar zumuntar mata, ya kuma shafi maƙwabcin da ke hulɗa da su.

Gardamar da aka saba yi ita ce wane ne ya fi kula da talaka, babban coci ko ƙarami. Ana yin ta, yara suna kwana da yunwa. Ƙaramin coci shi ya san wanda bai ci ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babban coci shi ke da ƙarfin saye da ajiya da takardun gwamnati. Duk inda aiki ya rushe, idan aka bincika za a tarar ɗayansu ya ɗauki aikin ɗan'uwansa.

Da muka ce babba, ba yawan kujeru muke nufi ba. Muna nufin cocin da ke da rajista, da asusun banki, da ɗakin ajiya, da abokan hulɗa a waje: Cocin Katolika da ke da diyosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, a Hartum da El-Ubayyid da makarantun Comboni, Cocin Episkofal na Sudan, wanda ya zama lardi mai zaman kansa a zumuntar Anglikan a 2017, Cocin Kibɗawa, da hedikwatun ɗariƙu irin su Cocin Almasihu na Sudan, wanda ya samo asali daga mishan ɗin Sudan United Mission (SUM), uwar cocin COCIN a Najeriya. Ƙarami kuwa shi ne ikkilisiyar gidaje 20 zuwa 60 da ke taruwa a rumfa ko a tsakar gidan wani dattijo, ko da a takarda reshe ne na babbar ɗariƙa.

Jerin sunaye: nan ne ake ci ko a faɗi

Wannan aikin ƙaramin coci ne, kada ofishin diyosis ya karɓe shi. A kafa kwamitin mutum biyar ko bakwai, mata su kai aƙalla rabi, domin su ke shiga madafa su ga abin da ke cikin tukunya. Fasto ya sa albarka amma kada ya riƙe biro: idan shi ya rubuta sunaye, duk wanda bai samu ba zai ɗauke ƙafa daga sujada, wanda ya samu kuma za a ce ɗan gida ne. A tabbata kowane yare da ke cikin ikkilisiya yana da wakili. A Ayyukan Manzanni sura 6, rikicin rabon abinci na farko a Urushalima ya taso ne saboda ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci, aka warware shi da zaɓen mutum bakwai na musamman. A ikkilisiyar da ake jin Moro da Dinka da Larabci da Hausa, wanda yarensa ba shi da baki a kwamiti shi ake mantawa.

Ba a rubuta suna a ƙofar coci bayan sujada. Mutum biyu ne za su je gidan, mace da namiji, da yamma lokacin girki. Abin da za a rubuta: yawan masu ci daga tukunya ɗaya, yara 'yan ƙasa da shekara 5, mai ciki ko mai shayarwa, tsoho, mai naƙasa, mai ciwon da ke buƙatar magani kullum, wanda ke kawo kuɗi gidan, da sau nawa aka ci jiya. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce, «Mama, me aka dafa jiya da dare?» Idan aka tambayi mutum ko yana da buƙata, mai kunya zai ce alhamdu lillahi, mai baki zai jero goma.

Daga nan a kasa gidaje uku. Kashi na farko su ne waɗanda ba mai nema musu: gwauruwa da ƙananan yara, tsohon da ya rage shi kaɗai, gidan da yaro ya fara ramewa. Waɗannan cikakken rabo suke samu. Kashi na biyu su ne masu masauki, wato gidan mutum shida da ya koma na mutum goma sha biyar saboda dangi sun sauka. Su aka fi mantawa, domin ba a yi musu kallon 'yan gudun hijira, alhali su ne suka ƙarar da rumbunsu. A ba su rabin rabo bisa yawan baƙinsu. Kashi na uku masu ƙarfi ne da suka rasa sana'a; abin da ya dace da su jari ne, za mu zo kansa.

Akwai tambayar da ake jin nauyin yi amma dole a yi ta: akwai ɗa ko ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar da ke turo kuɗi? 1 Timoti sura 5 ta ɗora nauyin gwauruwa a kan danginta tukuna, domin ikkilisiya ta samu sararin taimakon wadda ba ta da kowa. A yi tambayar a keɓe, cikin girmamawa.

Kowane gida a ba shi lamba. Littafin da ke haɗa suna da lamba ya zauna wurin mutum ɗaya, a takarda; abin da za a tura wa babban coci ta WhatsApp lambobi ne da yawan mutane kawai. Ana binciken wayoyi a shingayen hanya, kuma masu aikin sa kai sun sha kamu daga ɓangarorin yaƙin biyu. Sannan a sabunta jerin duk bayan mako huɗu zuwa shida. Tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025 da Hartum a watan Maris, mutane na komawa gida, kuma jerin da ya yi wata uku ba a taɓa ba cike yake da sunayen waɗanda suka tafi. Cocin da ke unguwa ɗaya su zauna sau ɗaya a wata su gwada jerinsu, domin gida ɗaya kan yi rajista a wuri uku.

Lissafin da ke nuna iyakar ƙaramin coci

Ma'aunin da hukumomin agaji ke aiki da shi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. A abincin Sudan, wannan ya kama kusan giram 450 na dawa ko gero, giram 60 na adas (wani ƙaramin nau'in wake) ko wake, giram 30 na mai, da giram 5 na gishiri. A wata ke nan mutum ɗaya na buƙatar kilo 13 da rabi na hatsi, kusan kilo 2 na adas, da litar mai ɗaya. Gidan mutum shida zai ci kilo 81, wato buhun dawa mai kilo 90 idan aka cire dusa da asarar niƙa, da kilo 11 na adas, lita 6 na mai da kusan kilo ɗaya na gishiri. Inda babu sikeli, malwa ɗaya ta dawa, wato mudun awon Sudan, kusan kilo 3 ce, amma a auna malwar da za a yi rabo da ita a kan sikeli sau ɗaya a sa mata alama, domin ta kowane ɗan kasuwa da girmanta.

To ikkilisiya mai gidaje 40, idan 15 na kashi na farko ne, 10 na kashi na biyu, tana buƙatar buhu 20 kowane wata. Baikon ranar Lahadi na mutanen da su ma suka rasa albashi ba zai sayi wannan ba. Ƙaramin cocin da ya yi alkawarin ciyar da kowa daga baikonsa zai yi rabo sau biyu, na uku ya tsaya, kuma tsayawar ta fi rashin farawa ciwo, domin mutane sun riga sun daina neman wata hanya. Abin da baiko zai iya ɗauka shi ne kuɗin niƙa, gawayi, albasa da busasshiyar kuɓewa, da kuɗin rakasha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa asibiti. Kada a raina kuɗin niƙa. Gidan da aka ba tsabar dawa ba a ba shi na injin niƙa ba, dole ya sayar da wani kaso a farashin faɗuwa.

Saye da ajiya

Nan babban coci ke da rinjaye, idan ya yi a kan lokaci. A Gadarif, wadda ita ce cibiyar noman dawa da riɗi, hatsi na shigowa kasuwa daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ne ya fi araha. Daga Yuni zuwa Satumba farashi na hawa, kuma baƙar laka ta yankin tana hana manyan motoci shiga ƙauyuka. Wanda ya jira sai yunwa ta bayyana kafin ya nemi kuɗi, zai saya da tsada ya kuma kasa kaiwa. Lissafin damina a kammala shi tun Oktoba, kaya su isa kusa da ƙananan coci kafin ƙarshen Mayu.

A nemi farashi daga dillalai uku. A tafi kasuwa da wanda ya san hatsi. A nan manomi Bahaushe da aka amince da shi ya fi akawun ofis amfani. A soki buhu daga sama da tsakiya da ƙasa, domin akan zuba mai kyau a baki, tsakuwa da tsohon hatsi a gindi. A auna buhu ɗaya cikin kowane goma. Don gwada bushewa, a zuba dunƙulen hannu na hatsi da cokalin busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a girgiza, a bar ta kamar minti 15: idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, zai yi fumfuna a ɗaki.

A ɗakin ajiya, buhu ba ya taɓa ƙasa ko bango. A jera a kan katako, a bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango don iska da dubawa, wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Inda ake samun buhun PICS mai ruɓi uku, ya fi, domin yana kashe ƙwari ba tare da magani ba muddin aka ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwayar Phostoxin da ake kashe ƙwarin hatsi da ita kuwa, iskarta na kisa. Kada a taɓa sa ta a ginin da mutane ke kwana, kuma a garuruwa da dama harabar coci ta zama wurin kwana.

Kada a tara komai wuri guda. An wawushe ɗakunan ajiyar hukumomin agaji a wannan yaƙi, na Madani ma bai tsira ba. Babban coci ya riƙe kayan wata biyu ko uku a wurare daban daban, ƙarami kada ya ajiye fiye da na mako biyu zuwa huɗu. Izinin ɗaukar kaya daga jiha zuwa jiha da hulɗa da hukumar agajin jinƙai ta gwamnati, HAC, aikin mai rajista ne. Faston unguwa da ya cika mota da buhuna ba takarda, a shinge za a sauke su.

Kuɗi

Fam ɗin Sudan na zubewa, saboda haka kuɗin abinci ba ya kwana a asusu: da ya shigo a mai da shi hatsi. Yawancin ciniki yanzu ta Bankak ake yi, manhajar Bankin Hartum. Hoton shaidar tura kuɗi ba shaida ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. A duba asusun kansa kafin a saki kaya. Masu canja kuɗin manhaja zuwa tsaba suna cire kaso, a rubuta kason a littafi kamar kowane kashe kuɗi, in ba haka ba ma'aji zai sha zargin da bai ci ba. A riƙe tsabar kuɗin mako ɗaya, domin a Fabrairun 2024 layukan waya sun ɗauke a yawancin ƙasar, komai ya tsaya. Amma kada a tara da yawa: a Disamban 2024 an canja takardun fam 500 da 1,000, masu tsofaffin takardu suka shiga wahala.

Mutum uku ne ke taɓa harkar kuɗi: mai amincewa, mai riƙewa, mai rubutawa, kuma kada biyu su fito daga gida ɗaya. Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa sura 8, ya sa ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka gudummawar Urushalima don kada a samu abin zargi. Kowane wata a karanta jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a, ba tare da sunan masu karɓa ba.

Inda kasuwa ke ci kuma layi na aiki, ba wa gida kuɗi ta waya ya fi rabon buhu sauƙi, kuma uwar gida ta fi kwamiti sanin abin da ya ƙare mata. A tura wa matar gidan, a kuma sake lissafin adadin kowane wata bisa farashin malwa na ranar.

Tukunyar unguwa

Takiyya, wato girkin jama'a da matasan ɗakunan agajin gaggawa (ƙungiyoyin sa kai na unguwa) da masallatai da zawiyoyi suka rayar da unguwanni da shi, ita ce ta dace da inda mutane ke zaune a makaranta ko harabar coci ba su da murhu. Ga mutum 100, ci ɗaya: garin dawa kilo 20 don asida, wato tuwo, adas kilo 6, mai lita ɗaya da rabi, albasa kilo 3, gishiri kusan giram 400. Wannan kusan rabin buƙatar yini ne, kada a ɗauka an gama. A ƙirga kai a zuba a kwanon gida, yara da masu shayarwa su fara.

Idan akwai takiyya a unguwar, ƙaramin coci ya kai gudummawarsa da matansa can, ya fi a kafa wata a gefe. Gawayi ɗaya, tukunya ɗaya, kuma zumuncin da aka ƙulla da liman da mai unguwa a bakin murhu shi ke kare coci ranar da jita-jita ta tashi. Galatiyawa 6:10 ta ce a kyautata wa kowa, musamman 'yan'uwa masu bi. A aikace, asusun baiko na iya fifita 'yan ikkilisiya, amma dafaffen abinci da ruwa na kowa ne, kuma kayan da hukumar agaji ta bayar ba a tambayar addini a kansu. Haɗa rabo da halartar sujada cin mutuncin mai yunwa ne, a Sudan kuma yana iya jawo wa ikkilisiya duka fitina.

Lafiya: wa ke gani, wa ke biya

Ƙaramin coci ke gani. A koya wa mata biyu auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, yaron na cikin haɗari, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. Idan aka danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa uku yatsa ya bar rami, shi ma haɗari ne ko da damtsen ya cika. Irin wannan yaro kunu ba ya isar masa, cibiyar kula da tamowa za a kai shi a ranar. Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na masu tamowa, da za a ba shi magani ne, ba a raba shi da 'yan'uwansa.

An ayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, Kasala da Gadarif na cikin inda ta fi tsanani. Kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 15 na ruwa a rana. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 tana tsabtace jarkar lita 20 ta ruwa garau, a jira minti 30. Ruwa mai laka sai an tace shi tukuna. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya asibiti. A yankin Gadarif, zazzaɓin da ya wuce mako biyu da kumburin saifa, wanda maganin maleriya bai taɓa ba, a nemi gwajin cutar kala-azar.

Babban coci ke biya. Tiyatar haihuwa, wankin ƙoda, insulin da maganin hawan jini sun fi ƙarfin baiko. Diyosis ta ƙulla yarjejeniya da asibiti ɗaya da kantin magani ɗaya, su karɓi mara lafiya da takardar kwamiti, a biya a ƙarshen wata. A ba kowane ƙaramin coci iznin kashe wani ƙayyadadden adadi ba tare da jiran amincewa ba, domin naƙuda ba ta jiran taron kwamiti. Asibitin Mother of Mercy da diyosis ɗin El-Ubayyid ta buɗe a Gidel, cikin Duwatsun Nuba, a 2008 misali ne na abin da babba kaɗai ke iya riƙewa.

Kashi na uku, da takardar da ke haɗa su

Masu ƙarfi a ba su kayan aiki a hannu: murhu da buta da kofuna ga mai sayar da shayi, faranti da gari ga mai kisra (siririyar gurasar dawa), lauje da kuɗin mota ga masu zuwa yankan riɗi da dawa. A haɗa su biyar biyar su yi adashi, wanda a nan ake kira sanduƙ, zubin ya zama na mako kuma zagayen ya ƙare cikin wata biyu, kafin darajar kuɗin ta zube. Jarin daga babba, bibiyar daga ƙarami. Amma kada a ba da jari ga gidan da ba a ci ba. A ranar zai koma tukunya.

Duk wannan a rubuta shi a shafi ɗaya, shugabannin babban coci da ƙarami su sa hannu: gidaje nawa, buhu nawa, wace rana, wa ke biyan mota har ƙofa, wata nawa tallafin zai ɗauka. Rahoton da za a nema daga ƙarami kada ya wuce takardar rabo mai lamba da dangwalen yatsa. Fom mai shafi goma da Turanci yana sa ikkilisiyar da ta fi talauci ta rasa rabonta, mai ɗan boko ta kwashe. Babba ya raba bisa yawan gidajen kashi na farko, ba bisa kusancin fasto da bishop ba, kuma ya aika mutum ya ziyarci gida ɗaya cikin goma ba tare da sanarwa ba. Idan kuɗin mai bayarwa zai ƙare, a sanar da ƙananan coci wata biyu kafin lokacin, a rage rabon kashi na biyu tukuna, na farko ya zama na ƙarshen tsayawa.